Garkuwar Kogon Tayar Baya a Motar A-kori-kura: Wacce Ta Dace, Kuma Yaya Ake Kula da Ita?

Duk wanda ya durƙusa ya leƙa saman tayar baya ta motar a-kori-kura zai ga bambanci tsakaninta da ta gaba. A gaba, kusan kowane kamfani yana sa faifan roba mai lanƙwasa wanda ya raba taya da ɗakin injin, domin akwai wayoyi da batir da sauran kayan da ba a son ruwa ya taɓa. A baya kuwa, musamman a motocin da aka ƙera don aiki, sau da yawa babu komai: ga shasi, ga sifirin da shokozoba, ga bayan bangon akwatin kaya a fili, kuma duk abin da taya ta ɗebo daga hanya a kansu take watsa shi. Garkuwar kogon taya ita ce faifan da ake ɗaurawa a wannan wuri don ya tare tsakuwa da laka da ruwa.

Ɓarnar da ake gudu tana da hanyar da take bi. Tsakuwa ce ke fara ɓare fenti da shafen da kamfani ya yi wa ƙarfe, sannan laka ta taru a leɓen da ke bakin kogon, inda aka naɗe ƙarfen bangon waje aka haɗa shi da na ciki, ta riƙe danshi har bayan sauran jikin motar ya bushe. Daga nan tsatsa ke kamawa ta ciki, ta yadda ranar da mai mota zai ga fenti ya yi bororo a saman taya, ƙarfen ya daɗe da cinyewa ta baya. Abin ya fi sauri a inda ake zuba gishiri a kan titi don narkar da ƙanƙara, kamar Kanada da arewacin Amurka da arewacin Turai, haka kuma a bakin teku, da hanyoyin gona inda laka ke gauraye da taki. Ban da ƙarfen bodi, a cikin wannan kogo ne wuyan tankin mai yake bi a gefe ɗaya, kuma kusa da shi akwai bututun birki da wayoyin fitilun baya.

Abin da ya kamata mai saye ya riƙe tun farko shi ne, garkuwa tana tare duka ne, ba ta hana danshi shiga bayanta. Babu wadda ke toshe kogon ruf. Ƙura da ruwa za su sami hanya ta gefe, kuma abin da ya shiga ba a ganinsa sai an cire ta. Saboda haka garkuwar da aka ɗaura aka manta da ita shekara da shekaru tana iya ɓoye tsatsar da aka saye ta don gujewa.

Ma'aunin zaɓi

Abu na farko shi ne dacewa da motar da yawan wurin da garkuwar ke rufewa. Wata tana rufe saman kogon kaɗai, wata kuma tana saukowa har ta rufe gefen shasi da wuyan tanki. Na biyu shi ne ƙarko, wato yadda take jure dukan dutse da zafin salansa da sanyi mai tsanani da hasken rana. Na uku kuɗi, kuma a nan ba kuɗin saye kaɗai ake lissafawa ba, har da ladan mai sawa da abin da za a riƙa kashewa duk shekara. Na huɗu sauƙin sawa, musamman ko sai an huda bodi. Na biyar haɗari: ko za ta goge taya, ko za ta riƙe danshi, ko za ta ɓalle a kan gudu. Akwai kuma maganar ƙara, domin ƙarar tsakuwa a jikin ƙarfe tana damun masu doguwar tafiya, ko da yake mai ɗaukar yashi da bulo bai cika kula da ita ba.

A ganina akwai ma'auni guda da ya fi waɗannan nauyi, kuma shi ne masu talla ba su cika ambata ba: shin ana iya cire abin cikin sauƙi a duba ƙarfen da ke bayansa, a wanke, a mayar? Da wannan ne zan fi auna kowane zaɓi.

Garkuwar roba mai tauri da aka ƙera daidai da motar

Wannan ita ce aka fi sani, kuma iri biyu ce: wadda kamfanin motar ya yi da kansa, da wadda wasu kamfanoni ke yi, irin su Husky Liners da Rough Country. Dukkansu ana ƙera su ne da roba a kan zubi mai siffar kogon wata mota takamaimai, shi ya sa garkuwar Ford F-150 ba za ta shiga Chevrolet Silverado ba, kuma ko a mota ɗaya ta dama ba ta zama ta hagu.

Robar da aka yi ta da ita tana da muhimmanci fiye da sunan da ke kan kwali. Wadda ake kira HDPE tana lanƙwasawa ta dawo idan dutse ya doke ta, ba ta saurin tsagewa a sanyi, kuma gishiri da taki ba sa cin ta, amma tana narkewa a wajen digiri 130 a ma'aunin Salsiyos, kuma tun kafin a kai nan take yin laushi ta canza siffa. Wadda ake kira PP ta fi jure zafi, sai an haura digiri 160 take narkewa, sai dai idan ba a gauraya ta da roba mai laushi ba takan yi gautsi a sanyin da ruwa ke daskarewa. Wannan maganar zafi ba ta wasa ba ce ga motocin dizal na zamani, domin lokacin da matatar hayaƙinsu take ƙone baƙin da ta tara, zafin cikinta yana kaiwa wajen digiri 600, kuma bututun da ke fitowa kusa da tayar baya yakan ɗauki rabonsa. Garkuwa mai kyau an yanke ta yadda za ta bar tazara tsakaninta da bututun. Baƙin launin da ake ba waɗannan robobi shi ma yana da aiki, domin sinadarin baƙin ne ke kare su daga cin rana.

Ta kamfanin motar ta fi tsada a mafi yawan lokuta, amma ramukanta suna faɗawa daidai kan ramukan da ke jikin motar, kuma ba ta jawo gardama a kan garanti. Rauninta shi ne, wani lokaci siririya ce, kuma ba ta rufe wuri mai yawa. Ta sauran kamfanoni takan fi kauri da faɗi, farashinta kuma matsakaici ne, sai dai ingancinta ya bambanta ƙwarai daga wannan kamfani zuwa wancan. Mafi arha daga cikinsu, waɗanda ba su da sunan kowa a jiki, sukan zo da ramukan da suka kauce da ɗan yatsa guda, sai mai sawa ya ja robar da ƙarfi ya ɗaure ta a miƙe, kuma robar da aka ɗaure a haka daga bakin rami take fara tsagewa.

Sawa ba ta da wuya. Mutum mai sifana da sukuddireba zai iya gama ɓangarorin biyu cikin awa ɗaya ko biyu, a wasu motocin ma ba sai an cire taya ba, ko da yake cirewar tana sauƙaƙa aikin. Da yawa ana ɗaure su ne da notinan da motar ta zo da su da maɓallan roba masu shiga rami, wasu kuma suna bukatar a huda rami ɗaya ko biyu. Ta fuskar cirewa da mayarwa babu zaɓin da ya kai ta, kuma wannan ne ya sa na fifita ta. Haɗarinta biyu ne: laka na iya taruwa a bayanta ba a sani ba, kuma idan maɓalli ya faɗi, iska na iya tura gefenta har taya ta cafke shi. Ƙarar tsakuwa tana raguwa amma ba ta ɓacewa, domin roba mai tauri ita ma tana amsawa.

Garkuwar zare mai kama da bargo

Wasu kamfanoni suna sa wa motocinsu garkuwar da aka yi da zaren roba da aka matse ya zama kamar bargo mai tauri. Babbar fa'idarta shiru: tsakuwa da feshin ruwa suna faɗawa kanta ba a ji, kuma ba ta da nauyi. Ga motar da rayuwarta duk a kan kwalta take, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Matsalarta tana fitowa ne da zarar an sauka daga kwalta. Laka na shiga tsakanin zaren ta maƙale, ciyawa da ƙaya suna mannewa, kuma idan ta sha ruwa da laka sai ta yi nauyi ta fara saukowa daga inda aka ɗaure ta. Zaren kansa ba ya ruɓewa, amma lakar da ya riƙe tana jinkirta bushewar duk ƙarfen da ta jingina da shi. Wanke ta yana cin lokaci, kuma idan aka kusanto da bakin injin feshi sosai sai zaren ya tashi ya yi buzu-buzu. Farashinta bai yi nisa da na roba mai tauri ba, sawa kuma iri ɗaya ce. Ba na ba mai gona ko mai aikin gini shawarar ya saye ta. Idan da ita motarsa ta zo, ya yi amfani da ita har ta gaji, sannan ya canza zuwa mai tauri.

Feshi maimakon faifai

A nan ne mutane suka fi rikicewa, domin abubuwa uku mabambanta ake kira da suna ɗaya, wato feshi, kuma halinsu ba ɗaya ba ne.

Na farko shi ne baƙin feshin nan mai kama da kwalta, wanda ake sayarwa a gwangwani. Shi ne mafi arha, kowa na iya fesa shi, kuma ranar da aka gama kogon yakan yi kyau ƙwarai. Amma da tafiyar shekaru yana bushewa ya tsattsage, ruwa ya shiga ta tsagar ya kwanta tsakaninsa da ƙarfe, ya kasa fita. Idan kuwa tun farko a kan tsatsa aka fesa shi, to an yi gyaran gangar Auzinawa, domin tsatsar za ta ci gaba da aikinta a ƙarƙashin baƙin shafe mai sheƙi, kuma ba za a farga ba sai ranar da aka danna da yatsa ya burma.

Na biyu shi ne shafe mai kauri irin wanda ake yi wa cikin akwatin kaya, kamar na Line-X da Rhino Linings da ake yi a wurin ƙwararru da injin da ke haɗa sinadarai biyu, ko Raptor da mutum kan iya haɗawa ya fesa da kansa. Wannan yana da ƙarko na gaske, yana jure dukan tsakuwa, yana rage ƙara, kuma ba ya cin tazarar da ke tsakanin taya da bodi, abin da ya sa masu manyan tayoyi ke son sa. Sai dai ingancinsa gaba ɗaya ya rataya ne a kan shirin da aka yi kafin feshi. Dole a wanke maiƙo, a kankare tsatsa har sai farin ƙarfe ya fito, a goge da samfefa, a sa fentin farko, sannan a rufe birki da sandar shokozoba da bututun salansa da wayoyi da ramukan da ruwa ke tsiyayewa. Wannan aiki ne ya sa ya fi kowane zaɓi tsada idan ƙwararre ya yi shi, kuma duk wanda ya yi maka shi da arha, daga shirin ya rage. Sinadaransa suna cutar da huhu, don haka mai fesawa da kansa yana bukatar abin rufe hanci na musamman da wuri mai iska. Kuma da zarar ya kama ba ya ciruwa sai da wahala mai yawa, wato idan an yi kuskure an yi ke nan. Wani abin lura kuma, shafe yana bin siffar ƙarfe ne kawai. Bai hana laka hawa kan shasi da leɓen kogo ba, bai kuma kare wuyan tanki da wayoyi daga dutse ba.

Na uku shi ne feshin mai ko kaki wanda ba ya bushewa, kamar Fluid Film da Woolwax da ake yi da maiƙon gashin tumaki. Shi ba ya tare dutse ko kaɗan, amma yana yin abin da sauran ba sa yi: yana ratsawa cikin haɗin ƙarfe da naɗin leɓe, ya kori danshi, kuma ana iya sa shi a kan tsatsa mai sauƙi ya rage mata gudu. Tunda ba ya taurara, ba ya tsagewa balle ya ɓoye ruwa. Rauninsa shi ne feshin ruwan taya yana wanke shi daga kogon da ba shi da garkuwa, kuma ko a inda ba ya wankewa, sabunta shi ake yi duk shekara, saboda haka arharsa ta rana ɗaya ce, kuɗin yana taruwa. Yana kuma kama ƙura. Wasu sukan maye gurbinsa da baƙin man da aka juye daga injin, amma wannan yana kumbura robobin da ke ƙarƙashin mota, yana ɗiga a ƙasa, kuma idan ya kai ga birki ya zama haɗari.

Feshin mai da garkuwar roba ba kishiyoyi ba ne. Idan aka fesa man a kan ƙarfe sannan aka ɗaura garkuwa a kai, garkuwar tana hana ruwa wanke man, man kuma yana maganin danshin da ke shiga bayan garkuwar. Kowanne ya toshe raunin ɗan'uwansa.

Ƙarfe, da robar da aka yanka da hannu

Garkuwar alminiyam ko ta baƙin ƙarfe an fi yin ta ne don motocin hawan duwatsu. Tana da tsada, ba a samun ta ga kowace mota, tana ƙara wa tsakuwa amo, kuma idan ta lotse ba ta dawowa. Wanda ba ya bin irin wannan hanya ba ya bukatar ta.

Akwai kuma masu yanko faifan roba mai laushi, ko tsohon bel na injin ɗaukar kaya, su ɗaure shi a kogon da 'yan ƙarafa. Kuɗinsa kaɗan ne, yana shanye duka da ƙara sosai, kuma ga tsohuwar motar da an daina yi mata garkuwa wani lokaci shi kaɗai ne mafita. Amma yana da nauyi, ba ya riƙe siffa, yana bukatar huji da yawa, kuma kyansa ko muninsa yana hannun wanda ya yi aikin. Idan maɗaurinsa bai isa ba, zafi kan sa ya sako ya kwanta a kan taya.

| Zaɓi | Kuɗi | Ƙarko | Sauƙin sawa da cirewa | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Roba mai tauri ta kamfanin motar | Sama da matsakaici | Mai kyau | Mai sauƙi ƙwarai | Laka a bayanta. Ba ta rufe wuri mai yawa |
| Roba mai tauri ta wasu kamfanoni | Matsakaici | Ya danganta da kamfani | Mai sauƙi, wani lokaci da huji | Rashin dacewa, gogar taya |
| Zare mai kama da bargo | Matsakaici | Mai kyau a kwalta, rauni a laka | Mai sauƙi | Riƙe laka da danshi |
| Baƙin feshin gwangwani | Kaɗan | Gajere | Sawa da sauƙi, cirewa da wuya | Ɓoye tsatsa |
| Shafe mai kauri | Mai yawa | Dogo idan an yi shiri | Aikin ƙwararre, ba ya ciruwa | Mugun shiri, toshe ramukan ruwa |
| Feshin mai ko kaki | Kaɗan, amma duk shekara | Sai an riƙa sabuntawa | Mai sauƙi | Wankewa. Taɓa birki |
| Alminiyam ko ƙarfe | Mai yawa | Dogo | Matsakaici | Ƙara, lotsewa |
| Robar da aka yanka da hannu | Kaɗan | Ya danganta da aikin | Yana cin lokaci | Sakowa kan taya, huji da yawa |

Abin dubawa kafin a biya kuɗi

Sunan mota kaɗai bai isa ba. Kamfanoni suna canza siffar bodi duk bayan wasu shekaru, kuma Hilux ko Ranger ko Tacoma na wannan zubi ba ɗaya suke da na zubin da ya gabace su ba, don haka a tabbatar da shekarar ƙira da irin akwatin kaya, a kuma san ko motar mai taya ɗaya ce a kowane gefe ko mai biyu. Sannan a duba abin da aka ƙara wa motar bayan fitowarta daga kamfani. Ƙarafan maɗaurin tirela irin wanda ake kafawa a tsakiyar akwatin kaya suna bi ta cikin kogon ne su kama shasi, haka ma jakunkunan iska da ake ƙara wa sifirin don ɗaukar nauyi, kuma duka biyun kan sa dole a yanke wani sashe na garkuwar. Leɓen ado da ake ɗaurawa a bakin kogon, da robar tare laka, sukan yi tarayya da garkuwa a kan noti ɗaya.

Girman taya shi ne inda aka fi yin asara. Motar da ke tsaye babu kaya tana nuna tazara mai yawa a saman taya, amma idan aka loda ta, ko taya ɗaya ta hau tudu ɗayar ta faɗa rami, tazarar takan kusan ƙarewa. Wanda ya sa tayar da ta fi ta asali tsawo ko faɗi, ya auna tazarar lokacin da motar ke ɗauke da cikakken kayanta, ba lokacin da take wayam ba.

A kuma san da abin da aka yi bodin. Tun daga ƙirar 2015 Ford ta mayar da bodin F-150 na alminiyam, shasin kuma ya ci gaba da zama na ƙarfe. Alminiyam ba ya yin jar tsatsa, amma idan aka ɗaura masa ƙusar baƙin ƙarfe tsirara, ruwan gishiri ya shiga tsakani, alminiyam ɗin ne ke cinyewa a kewayen ƙusar. A irin wannan mota sai a yi amfani da maɓallan roba ko ƙusoshi masu shafe da aka tanada don haka. Toyota Tacoma kuwa tun daga ƙirar 2005 cikin akwatin kayanta ba na ƙarfe ba ne, haɗin roba da zare ne, amma shasi da sauran ƙarafan da ke kewaye suna nan suna bukatar kariya.

Sawa da kulawa

Kada a ɗaura garkuwa a kan datti. A wanke kogon, a kankare lakar da ke cikin leɓe da yatsa ko burushi, a bar shi ya bushe sarai, a goge duk tsatsar da aka gani a shafa mata fenti, sannan a fesa mai idan za a fesa. Shanya garkuwar a rana na ɗan lokaci yana sa ta yi laushi ta shiga wurinta ba tare da kokawa ba. A sa dukkan notina da maɓallai a sake tukuna, sai komai ya zauna sannan a ɗaure, kuma kada a matse har robar ta lotse, domin tana buɗewa da zafi tana tsukewa da sanyi, tana bukatar ɗan wurin motsi. Idan huji ya zama dole, a leƙa bayan wurin don kada a sami waya ko bututu, kuma a shafa wa bakin ramin fenti kafin a sa ƙusa. Wanda ya cire taya kada ya dogara da jak kaɗai, ya sa wa motar matokari mai ƙarfi, kuma ya sake duba notinan tayar bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100.

Bayan kwanakin farko a sake leƙawa. Wurin da ya yi sheƙi ko ya goge a jikin robar alama ce ta cewa taya na taɓa shi, gefen da ya lanƙwashe kusa da salansa kuma yana nuna zafi ya yi masa yawa. Duka biyun ana maganinsu da ɗan yanka ko ƙarin maɗauri tun kafin abin ya girma. Kaɗawa ko ƙwanƙwasa da ake ji daga baya a kan gudu yawanci maɓalli ne ya faɗi, kuma bai kamata a jinkirta ba, domin garkuwar da taya ta fizge tana iya tafiya da waya ko ta doki bututun birki.

Duk lokacin da aka wanke mota a sa ruwa a kogon, a kuma tura bakin tiyo ta gefen garkuwar don ruwan ya bi bayanta ya fito da abin da ya taru. Ruwa da sabulu sun isa. Fetur da sauran masu narkar da maiƙo suna iya lalata fuskar roba, suna kuma wanke man kariyar da aka fesa. Sau ɗaya a shekara, bayan wucewar lokacin ruwan sama ko na gishirin titi, a cire garkuwar gaba ɗaya a duba ƙarfen da ido, a wanke, a sabunta mai, a mayar. Maɓallan roba da yawa suna karyewa wajen cirewa, don haka a tanadi sababbi kafin a fara, kada a mayar da garkuwa da rabin maɗaurinta.

Idan ta tsage, gam na yau da kullum ba ya kama HDPE da PP yadda ya kamata. Abin da ke aiki shi ne a huda ɗan ƙaramin rami a ƙarshen tsagar don ta daina tafiya, sannan a ɗinke ta da igiyar roba mai zargewa, ko a narkar da roba irin tata a like wurin. Ramin noti da ya yage ana ceto shi da faffaɗar washa. Amma idan robar ta yi fari-fari tana karyewa da an lanƙwasa ta, rana ta gama da ita, sai sabuwa.

Wa ya dace da wanne

Mai sabuwar mota ko wadda ƙarfenta ke da lafiya, wanda ke haɗa kwalta da hanyar tsakuwa, ya ɗauki garkuwar roba mai tauri da aka ƙera wa motarsa, ya fesa mai a bayanta. Idan motar na cikin garanti kuma ba ya son huji, ta kamfanin motar ta fi masa kwanciyar hankali. Idan abin da yake so shi ne a rufe har shasi da wuyan tanki, ta wani sanannen kamfani mai kauri ta fi.

Mai gona da mai aikin gini da duk wanda motarsa ke kwana da laka, roba mai tauri ce tasa shi ma, sai dai ya zaɓi wadda ake ɗaurewa da noti fiye da maɓalli, tunda zai riƙa cire ta fiye da sau ɗaya a shekara, kuma ya nisanci ta zare. Wanda ke zaune inda ake zuba gishiri a titi ko a bakin teku, feshin man ya fi garkuwar kanta muhimmanci a wurinsa, kuma idan kuɗinsa na abu ɗaya ne kawai, ya fara da man.

Mai doguwar tafiya a kan kwalta wanda ƙara ke damunsa, ta zare za ta gamsar da shi muddin yana wanke ta. Mai manyan tayoyi da ba su bar wurin faifai ba, shafe mai kauri a hannun ƙwararre ne zaɓinsa, da sharaɗin ya ga ƙarfen da idonsa bayan an kankare shi kafin a fesa. Idan kuma hanyarsa ta duwatsu ce, nan ne alminiyam ke da amfani.

Mai tsohuwar motar da tsatsa ta riga ta kama bakin kogonta kada ya sayi komai tukuna. Ya fara kai ta wurin mai gyaran bodi a yanke inda ya ruɓe a yi walda, inda bai yi nisa ba kuma a kankare a shafa fenti da mai. Bayan haka, idan ana samun garkuwar da ta dace da ƙirarta ya sa, idan an daina yin ta ya nemi mai hannu ya yanka masa roba mai laushi, a ɗaure ta da noti a wurare da yawa yadda za a iya kwance ta a duba waldar bayan shekara.